Benen Sukari na Ɗelu Mai Gato

Duk wanda ya taɓa kallon hoton biki na Madarumfa a cikin shekaru taran nan, ya ga aikin Ɗelu, ko da bai san fuskarta ba. Amarya a dama, ango a hagu yana murmushi irin na wanda takalmi ya matse, a tsakaninsu kuma ga gato, wato kek, mai hawa uku, fari fat, an yi masa rawani da furanni. Ita Ɗelun ba ta shiga hoto. Tana can gefen rumfa da hijabinta mai tabon fulawa, ba ta kallon amarya, ba ta kallon ango. Wuƙa take kallo. Dalilin haka zai zo a wurinsa.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Safo, a gidan manoman gero da wake, uwarta kuma mai suyar ƙosai ce. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku kafin a ga cewa hannunta ya fi amfani a bakin kasko. Ta fito da abu biyu: ta iya rubuta sunanta ba kuskure, ta kuma iya jan layi ba karkata. Kada a raina. Akwai waɗanda suka share shekara goma sha uku a aji, suka fito ba ko ɗaya.

Aure ne ya kawo ta bakin tafkin Madarumfa. Mijinta Ilyasu masunci ne, mutum mai tsimin magana kamar da kuɗi yake sayenta. A shekarar da ruwa ya ja baya kifi ya yi wuya, Ɗelu ta kama aikin girki a gidan wata ungozomar likita, ƴar Yamai, wadda ke da murhun gas mai akwati a ƙasa, abin da take kira fur. A nan ta fara ganin yadda ƙwai da fulawa da sukari ke shiga akwati a kwance su fito a tsaye. Shekara huɗu tana kallo, tana fasa ƙwai, tana wanke kwanuka. Da aka yi wa matar canjin wurin aiki zuwa Damagaram, ta ɗaure fur ɗinta a bayan mota, ta bar wa Ɗelu tsohon faranti ɗaya da addu'a mai tsawo.

Da wata ce, da ta zauna jiran ranar da Allah zai ba ta fur. Ɗelu ta sauka bakin tafki ta ɗebo yashi, ta wanke, ta shanya, ta zuba a gindin babbar tukunyar ƙarfe. Gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ƙullu a cikin gwangwanin tumatir da aka goge da man gyaɗa. Na farko ya fito baƙi kamar gindin tukunyar. Ilyasu ya cinye bai ce komai ba. Na biyu ya fito ɗanye a ciki. Ya cinye bai ce komai ba. A na bakwai ne ya ce, "Wanga ya yi." Maƙwabta sun shaida cewa tun zuwanta gidan ba a ji ya yi jawabi mai tsawon haka ba.

Sauran sana'ar duk a kan wannan hanya ta gina ta: abin da ƴan birni ke saye a kanti, ita sai ta dubi tsakar gidanta. Farin da ake shafe gato da shi, sukari ne take dakawa a turmi, ta tankaɗe da sabon ɗankwali, ta kaɗa da farin ƙwai da ruwan lemun tsami har maburgi ya tsaya da kansa. Ba ta sa mai a ciki, domin ta san ranar Madarumfa ba ta da ladabi. In ana son ja, ga soɓorodo. In ana son kore, ga zogale. Furannin da ake rataya wa rumfa kuwa, daga tsofaffin littattafan rubutu na ƴan lakwal take yanka su, ta tsoma a ruwan rini, ta ɗaure da zaren buhu. Ya kamata a yaba mata: littattafan wasu yaran sai a hannunta suka fara yin amfani.

Da samari suka fara neman abin riƙewa zuwa zance wanda ya fi goro zamani, sai ta je wurin maƙeri ta ce ya ƙera mata mazubi mai siffar zuciya. Bawan Allah ya yi aiki da gaskiya. Ya je wurin mahauta ya duba, ya kawo mata zuciya sak irin ta rago, har da jijiyoyi. Sai da ta zana masa a ƙasa da tsinke. Ya duba, ya ce shi bai taɓa ganin dabba mai irin wannan ba, amma zai ƙera. Tun daga nan ake sayen zuciya a ƙofar gidan Ilyasu, ƙarama dala ashirin, babba hamsin. A da saurayi kan yi wa uban yarinya noma damina biyu kafin a yarda yana so. Yanzu dala ashirin ta wadatar, in kuma yarinyar ta ƙi fitowa, ya cinye abinsa a hanya, ba a yi asara ba.

Sannan wayoyi masu hoto suka shigo, kowace budurwa ta gano cewa aure ba ya ɗauruwa sai da gato mai hawa-hawa kamar benen alhazan Maraɗi. Malamai ba su sanar da wannan sharaɗi ba, amma an bi shi fiye da waɗanda suka sanar. Abin da ya ɓata lissafi shi ne, gato mai hawa uku na gaske yana cin ƙwai da sukari na kuɗin tunkiya, iyayen amare kuwa masu lambu ne da masunta da manoma, waɗanda kayan ɗaki suka riga suka tatse.

Ɗelu na da tsofaffin samira biyu, irin kwanukan nan da ake jerawa a ɗakin amarya, ɗaya ta fi ɗaya girma, ba mai sauran murfi a cikinsu, da su ake zuba wa Ilyasu tuwo da miya. Ta kife babbar, ta kife ƙaramar a kanta, ta shafe su da farin sukari, ta ja layukanta miƙaƙƙu, ta ɗora gato na gaske guda ɗaya a sama. Kunnuwan samira ta rufe su da furanni. Daga taku uku, ko wanda ya ƙera kwanukan ba zai gane su ba.

Saura yadda za a hana wuƙa sauka ƙasa. Sai ta kafa doka: hawan sama shi ango da amarya ke yankawa a gaban jama'a, a raba wa baƙi ƙananan gato na gwangwani, na ƙasa kuwa a lulluɓe a kai wa ma'aurata ɗaki. "Haka ake yi a Yamai," in ji ta. Ba a sami wadda za ta tashi cikin taro ta nuna ba ta san yadda ake yi a Yamai ba. Akwai angwayen da yanzu ƴaƴansu uku, har yau suna jiran rabonsu. An ce musu ƙawayen amarya sun cinye.

Kowace uwar amarya kuma, Ɗelu kan ja ta ƙuryar ɗaki ta rage murya: "Wanga tsakanina da ke ne da Allah. Don ke ce na yi. Kowa na gaske nake yi mishi." Uwar amarya ta yi godiya, ta yi rantsuwa, ta fita da asirinta a ciki kamar ta haɗiyi dutse. Haka aka yi shekara tara.

Bana bayan kaka aka sa bikin Zahara'u, ɗiyar Balaraba. Balaraba ƙawar Ɗelu ce tun suna tallan ƙosai a ƙauye. Mijin Balaraba ya rasu, da lambun albasa da salak a bakin tafki ta riƙe gida. Kayan ɗakin yarinyar ɗaya-ɗaya ta tara su cikin shekara shida, abin alfaharinta kuwa saitin samira ne mai bakwai, fari da shuɗin fure, wanda ta saya a shekarar da albasa ta yi daraja. Angon, Abdoul Aziz, malamin lakwal ne da aka turo garin, danginsa ƴan Maraɗi ne.

Zahara'u ta zo gidan Ɗelu da uwarta da wayarta.

"Inna Ɗelu, hawa biyar nake so."

"Biyar? Gato za a yi miki ko hasumiyar masallaci?"

"Ƙanwarshi da aka yi bikinta bara, huɗu aka yi mata."

"To ke ki yi uku, ki nuna musu tarbiyya."

"Haba Inna! Su ce ƴar ƙauye ya ɗauko?"

Ɗelu ta dubi Balaraba, Balaraba ta dubi ƙasa. Wato an riga an yi wannan gardama a gida, uwa ta sha kaye.

Ɗelu samira biyu gare ta, huɗu ake buƙata, kuma na ƙasan sai sun fi nata faɗi. Balaraba ce da kanta ta buɗe saitin ɗiyarta, ta fitar da manyan biyu, ta kawo su a ƙunshe cikin zane.

"Ƙawa, ki lura da su. Ko ƙwarzane ban yarda ba."

"Sukari ne zai taɓa su, ba gatari ba."

Ga yadda suka tsara. Gwaggonnin amarya su yi jere da safe a gidan ango. Da la'asar a yanka gato a rumfar da aka kafa a filin da ke kusa da gidan. Ɗelu ta lulluɓe na ƙasa, ta zagaya baya ta wanke, a mayar da biyun gurbinsu kafin magariba, lokacin da ake kai amarya dangin ango su shiga ganin ɗaki. Tsari ne mai kyau. Abu ɗaya aka manta a cikinsa, wato Hajiya Sa'adatu.

Hajiya Sa'adatu gwaggon ango ce, ƴar kasuwa mai sayo kayan ɗaki daga Jibiya tana sayarwa a Maraɗi, mace mai zobe a yatsu shida da muryar da masunta ke ji daga tsakiyar tafki. Ta iso bayan azahar, ta ce ita ba za ta kai magariba ba, gobe tana da kasuwa, a nuna mata ɗaki yanzu. Ba a hana gwaggon ango ganin ɗaki. Masu jere dai sun yi dabara: sun ɗora samira biyar a kan kwalin sabulu, sun lulluɓe kwalin da ƙyalle mai saƙa, tsayin ya yi daidai. Hajiya ta shiga da mata takwas a bayanta. Ta taɓa gado, ta murza labule, ta tsaya a gaban jere. Ta ɗaga ƙyallen da yatsa biyu, ta saki.

Ba a ɗakin ta yi magana ba, ai ƴan kallo ba su isa ba. Ta jira sai da ta dawo rumfa, inda mata suka cika tabarmi, amarya ta iso da ƙawayenta, gato mai hawa biyar na tsaye a kan tebur a inuwa.

"Masha Allah, ɗaki ya yi," in ji ta, tana gyara mayafi. "Sai dai ni ban san an fara saida wanga saiti biyar-biyar ba. Shekara goma ina kawo shi, bakwai na sani. Ko a Madarumfa kwalin sabulu ne cikon?"

Wata daga cikin matan Maraɗi ta yi dariya a cikin mayafi.

"Ina uwar ɗiya? Ba laifi ba ne, baiwar Allah, kowa da ƙarfinshi. Amma da an faɗa mini, da na cika. Ga gato har hawa biyar, ka ce gidan gwamna, ga ɗaki da giɓi."

Balaraba na zaune a bayan taro, ba ta ɗago ba. Sau ɗaya kawai ta dubi Ɗelu, ta girgiza kai kaɗan, abin da ke nufin: ki yi shiru, na yi rantsuwa, kuma abincinki ne.

Ɗelu ta tsaya da wuƙa a hannu tana auna abin. Saura sa'a guda a yanka na sama, ta lulluɓe, ta wanke, ta mayar. Amma kafin nan Hajiya na cikin mota, labari ya riga ta isa Maraɗi, gobe kuma duk wadda ta ga bakwai za ta ce aro aka yi don rufe kunya. Ta san halin dangin miji: sunan da aka laƙaba wa amarya ranar biki, da shi jikokinta za su san ta. Har ta ji wata a gefe tana gwada shi a baki, "amarya mai kwali". Ita Ɗelun kuma fa, bukukuwa uku na jiranta kafin azumi, ga shekara tara na "kowa na gaske nake yi mishi". Ta dubi Zahara'u, hawaye sun fara jan kwallinta zuwa kumatu. Ta tuna Balaraba da guga a hannu, rani shida tana ban ruwan albasa.

Ta ratsa tabarmi ta miƙa wuƙar.

"Hajiya, ke ce babba a wurin nan. Ki sa mana albarka, ki fara yankawa."

Hajiya ba ta taɓa ƙin girma ba. Ta miƙe, ta tattare hannun riga, ta nufi hawan sama.

"A'a, Hajiya. Daga ƙasa."

"Ba na sama ake farawa ba?"

"A Yamai ke nan. Nan Madarumfa ne."

Hajiya ta ɗora wuƙa a hawan ƙasa, ta danna da ƙarfin mai yanka kabewa. Ƙarar da ta fito, duk macen da ta taɓa wanke-wanke ta san ta. Ƙwal!

Ɗelu ba ta jira tambaya ba. Ta sauke hawan sama ta miƙa wa amarya. "Riƙe, wanga ne naki." Ta sauke na biyu da na uku ta ajiye a gefe. Ta ce a ba ta ruwa da soso. A gaban mata fiye da ɗari ta durƙusa ta wanke aikin kwana biyu, farin sukari na bin ƙasa, tururuwa na samun bikinsu, har shuɗin fure ya bayyana. Ta ɗaga ɗaya.

"Shida." Ta ɗaga ɗayar. "Bakwai. Hajiya, ke kike kawo su, duba ko irin naki ne. Ni na ara. Balaraba ba ta rage ko murfi ba."

Hajiya ta karɓa, ta juya, ta duba gindi. A nan ta ga ƙwarzane sabo fil, tsawon yatsa, aikin hannunta. Ta shafa shi da babban yatsa kamar zai goge. Sannan ta nuna sauran biyun da ke gefe da farinsu.

"Waɗancan fa?"

"Nawa ne. Sun fi kowa a nan zuwa biki."

Ɗelu ta sunkuyar da kai tana jiran dariyar da za ta rufe mata sana'a. Dariyar ba ta zo ba. Da ta ɗago, sai ta ga matan Madarumfa ba ita suke kallo ba, junansu suke kallo.

Ruƙayya mai sayar da soyayyen kifi, wadda ta aurar da ɗiya shekara biyar da suka wuce, ita ta fara magana, a hankali.

"Ɗelu. Cewa kika yi don ni ce."

"Ni ma haka ta ce mini!" in ji wata daga baya.

"Ni har rantsuwa biyu ta sa ni!"

Ruƙayya ta juya ta ga mai maganar. "Ke ma? Ke da nake kauce miki a famfo, ina cewa ke na gaske kika yi wa taki?"

"Na gaske ina? Da wane ƙwai?"

Rumfa ta kaure. Wasu na zagin Ɗelu, wasu na dariya har da riƙe ciki, mafi yawa suna yin duka biyun. Shekara tara kowace na ɗauke da kunyar rashinta ita kaɗai, tana yi wa maƙwabciyarta kallon mai hali, ashe samira biyu marasa murfi ne suka aurar da ƴaƴan gari kaf. Matan Maraɗi suka rasa wadda za su yi wa dariya, domin ba a yi wa gari guda dariya a cikin rumfarsa. Wani magidanci da ke tsaye daga waje ya tambayi abin da ake ciki, aka gaya masa, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce zai je ya nemi gafarar ƙawayen matarsa.

Hajiya Sa'adatu ta ɗauki samira biyun da kanta ta kai ɗaki, ta fitar da kwalin sabulu, ta jera bakwai cif. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Irinsu ba su iya furta wannan kalma ba. Amma kafin ta shiga mota ta yafito Ɗelu gefe, ta rage muryarta zuwa ta mutum ɗaya.

"Autata za a yi wa biki bayan Salla. Hawa nawa kike iyawa?"

"Saiti nawa gare ki, Hajiya?"

Kada a ɗauka Ɗelu ba ta yi asara ba. A cikin bukukuwa ukun nan gida ɗaya ya janye, suka je Maraɗi suka sayo na gaske, wanda ya iso a bayan babur ya jingina gefe guda kamar tsohon rumbu. Ruƙayya ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarta. Baƙi kan matso kusa da tebur su ƙwanƙwasa da farce su ji wane hawa ne ke amsawa. Kallon nan na mamaki da ake yi mata, na macen da ke tayar da bene daga tukunyar yashi, ya tafi ba dawowa. Balaraba kuma ta yafe komai ban da ƙwarzanen. Duk haɗuwarsu a hanyar lambu sai ta ce, "Sukari ne zai taɓa su, ko ƙawa?"

Amma sunan "amarya mai kwali" bai kwana a gari ba. Zahara'u na ɗakinta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Yanzu uwar amarya da kanta ke ɗauko samira a kai da rana tsaka ta kai gidan Ɗelu, ba rantsuwa, ba ƙuryar ɗaki. Masu ganin ɗaki in sun tarar da biyar a jere, sai su leƙa rumfa su ƙirga hawa, su haɗa, su ce masha Allah.

Da aka kai wa Ilyasu labari a bakin tafki yana ɗinkin taru, bai ɗago ba, ya ce ya sani. Aka ce tun yaushe?

"Shekara tara," in ji shi, "duk ranar biki a murfin tukunya nake cin tuwo."

Wannan shi ne jawabinsa na biyu.